Kujerar Bahago

Lahadi, bayan la'asar

Zuwa ga ƙanwata Bahaguwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Bayana ne dai yake tashi idan na daɗe a sunkuye kan mara lafiya, amma da sauƙi. Baban yara yana gaishe ki, ya ce a tambaye ki ko kin manta hanyar gidanmu ne.

Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis. Na karanta ta a ɗakin canza kaya na asibiti, na sake karantawa a gida. Kin ce Baba Likita, malaminmu ni da ke, ya rubuto miki cewa zai ajiye aiki, yana so ki dawo ki karɓi asibitin haƙorinsa, har ya sako miki mabuɗi a cikin ambulan. Masha Allah. Allah ya sanya alheri. Na taya ki murna, kuma ina so ki san na tsaya na duba zuciyata kafin in rubuta wannan layin.

Ni bai gaya mini ba sai jiya. Kin san duk Asabar nake zuwa wurinsa, yau shekara goma sha tara, tun da ya buɗe wurin. In jera masa katunan marasa lafiya, in dafa kayan aiki, in auna masa jini. Jiya ina tsaye gaban kabad ɗin katuna sai ya ce, "'Yata, na ba ƙanwarki wurin nan." Na ce, "To Baba, madalla." Ya ce, "Ba ki ce komai ba." Na ce, "Ai na ce madalla." Sai daga baya na ga katin da ke hannuna na cusa shi a harafin da ba nasa ba, abin da ban taɓa yi ba.

Kin nemi shawarata, ko ki bar aikin da kike yi can ki zo ki tsaya da ƙafarki. Ko da yake kakanninmu ne 'yan ɗaki ɗaya, shekara huɗun da kika yi a gidanmu kina ƙarama ta sa ban taɓa ɗaukar ki 'yar nesa ba, kuma shawara amana ce. Don haka ga abin da na sani. Rufin ɗakin jira yana yoyo ta kusurwar taga. Injin iskan da ke tura kayan aiki sai an ɗan buge shi a gefe kafin ya tashi. Ɗakin aikin kuwa kin san ƙuncinsa, kujerar ta kusa mannewa da bango ta gefe ɗaya. Masu zuwa wurinsa yawanci tsofaffi ne, kuma ba haƙori kaɗai ke kawo su ba. Wani sai ya ba ki labarin jikokinsa tara kafin ya yarda ya buɗe baki, ke kuma ban san ki da irin wannan haƙurin ba. Sannan mai wuri ba ya tashi aiki. Famfo ya fashe, ke ce. Ma'aikaciya ta yi fushi, ke ce. Ki yi tunani sosai, ki yi istihara.

Ban faɗi haka don in kashe miki gwiwa ba.

Shi kansa Baba yana nan da taurin kansa. Haƙorinsa na ciki ya tsage tun watanni, gefe ɗaya yake tauna, ya ƙi bari kowa ya duba. Wai malami ba ya buɗe wa ɗalibansa baki.

Ki shafa mini kan 'yan biyu.

Yayarki


Talata

Yayata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau. Allah ya ƙara wa bayanki sauƙi, amma ke ma ki daina sunkuyo kamar mai neman allura a ƙasa. 'Yan biyu suna gaishe ki. Ɗaya ta fitar da haƙorin gaba, ɗayar kuma tun ranar take girgiza nata da yatsa don kada a bar ta a baya.

Yaya, wannan shawara ce ko takardar gargaɗi? Na karanta wa maigida, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yayarki ta manta ba ta faɗi macijin da ke bayan ɗakin ba." Na yi dariya har da hawaye.

Bari in gaya miki inda nake. Kujeru tara ne a jere, ni ce ta huɗu. Mai asibitin ba likita ba ne, ko haƙorin jariri bai taɓa cirewa ba, amma ya kafa agogo a kan kowace kujera, minti goma sha biyar mutum ya tashi wani ya hau. Marasa lafiya ba su san sunana ba. In sun dawo sai su ce wa mai rajista, "Wurin lamba huɗu nake so." Kuma duk kujerun na masu dama ne. Shekara goma sha ɗaya ina murɗe jiki, ina miƙa hannu ta kan ƙirjin mutane in ɗauko kayan aiki, kamar mai satar nama a tukunyar maƙwabta. Da na tuna kujerar Baba, yadda bahago zai zauna ta gefensa, tire a daidai hannunsa, kwanon kurkure baki can ɗaya gefen, wallahi sai da na ji ƙwalla.

Yoyon rufi ai magini ne maganinsa. Tsofaffi kuma zan koya. Na riga na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin jakata.

Kuma ai ba ni kaɗai ba ce, kina nan. Ke kika san inda komai yake. Sai ki ci gaba da zuwa ranar Asabar kamar yadda kika saba, ki taya ni kwashe katunan nan zuwa kwamfuta, mu fitar da kabad ɗin nan mai warin tsufa. Tsofaffin ma in suka gan ki a gaban tebur hankalinsu zai kwanta.

Don Allah ki auna mini tagogin biyu, zan yanko labule daga nan.

Taki har kullum,
Bahaguwa


Jumma'a

Yaya,

Salamu alaikum. Lafiya kuwa? Yau sati shida ba wasiƙa. Na kira waya sau uku, baban yara ya ce kina salla, sannan kina wanka, sannan kina salla. Na ce masa wannan salla ta Yaya ta fi ta kowa tsawo.

In bayan ne ya tashi ki gaya mini. In kuma wani abu na faɗa, shi ma ki gaya mini, kin san bakina ya fi tunanina sauri. Mai labule yana jira na.

Bahaguwa


Laraba

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina lafiya, baya ma da sauƙi. Ki yafe wa baban yara, ni na sa shi. Sau biyu da gaske salla nake yi. Na wankan kuwa ina zaune kusa da shi, kuma na nemi gafarar Allah a kan wannan.

Tagar ɗakin jira, faɗi mita ɗaya da rabi, tsawo mita ɗaya da santimita ashirin. Ta ɗakin aiki, faɗi santimita tamanin, tsawon iri ɗaya ne. Ki ƙara kaɗan saboda naɗi. Na auna sau biyu.

Wasiƙa uku na rubuta miki na yaga. Ta farko ta yi zafi, ta biyu ta yi ƙarya, ta uku ta haɗa duka.

Na gane matsayin da kika ajiye ni. A gaban tebur, in kwantar wa tsofaffi hankali, in fitar da kabad. Ni da ke takarda ɗaya muka karɓa a hannun malami ɗaya, ni na riga ki da shekara tara. Haƙoran da na cike a babban asibiti, in aka jera masu su, sai su cika titinmu. Ban taɓa faɗin haka ga kowa ba, kuma ina jin kunyar ganinsa a rubuce.

Kabad ɗin da kika ce yana wari, rubutuna ne a kan kowane kati a cikinsa. Na san wanda yake tsoron allura, sai an sa shi ƙidaya tayil ɗin bango. Na san wadda ba a kwantar da ita sosai saboda jiri. Asabar da ta wuce wata tsohuwa, wadda na riƙe wa hannu ranar da aka cire mata haƙoranta na ƙarshe, ta kama mayafina a ƙofa ta ce, "An ce Likita zai huta. Ke ce za ki karɓa ko, 'yar nan?" Na ce, "A'a Iya, ƙanwata ce." Ta ce, "Wace ƙanwa? Muna da wata ne?" Na yi murmushi na raka ta bakin titi. Na dawo na shiga ɗakin dafa kayan aiki na rufe ƙofa, na tsaya har tukunyar ta gama huci.

Abin da ke damuna yana da suna, an koya mana shi tun muna riƙe da allo, an kuma koya mana neman tsari daga gare shi. Ina nema safe da yamma. Ba na fatan abin ya kuɓuce miki, Allah ne shaidata, a kan wannan nake ta tuhumar kaina. Amma idan na ga allon ƙofar Baba, na tuna za a goge shi a rubuta sunanki, sai in kau da kai in wuce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san laifina ba. Shekara goma sha tara, bai ko tambaye ni ba.

Kada ki fasa komai saboda ni. Amma maganar Asabar, ki bar ta tukuna.

Yayarki


Litinin

Yaya,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ɗayar ma ta samu nata haƙorin ya fita, da taimakon zare da ƙofa, an zauna lafiya a gida.

Wasiƙarki a tsaye na karanta ta, sannan na nemi wuri na zauna. Wallahi ban nufi in mai da ke mai tsaron tebur ba. Tsoro nake ji, shi ne na ce ki tsaya kusa da ni, sai bakina ya faɗe shi a karkace. Ki yafe mini wannan.

Amma akwai wanda ya fi shi, kuma shi ban yi shi da kuskure ba.

Kin ce bai tambaye ki ba, kin ce ba ki san laifinki ba. Ga abin da Baba ya rubuto mini, na kwafe miki shi yadda yake: "Yayarki ce na so in ba, ita ta san wurin ciki da bai. To amma kujerar ta bahago ce, bututunta a cikin siminti yake, kuma ta gefen dama ko kujerar zama ba ta shiga. Sau biyu na ce ta riƙe mini wurin in yi tafiya, ta ce kujerar ba ta hannunta ba ce. A duk waɗanda na koyar ke kaɗai ce bahaguwa."

Yaya, ni na san ba ni kaɗai ba ce.

Ina shekara takwas na taka ƙaya a bayan gidanku. Kika ja ni bayan ƙofar ɗakin Kaka, kika leƙa ko tana kallo, kika mai da allurar cire ƙayar hannun hagu, kika zare ƙayar ban ko ji ba. Kika ce, "Kada ki gaya wa kowa." Na sha ganin ki kina zura zare da hagu in kin ɗauka ba kowa. Na san Kaka ce ta yi ta buge miki hannun da ludayi har kika koma dama, a cokali da alƙalami da komai. Ni da na zo ta riga ta tsufa, ta gaji, ta ce a ƙyale ni.

Na karanta layin nan na Baba, na san ba daidai ba ne, na ninke takardar na yi shiru. Na gaya wa kaina ai ke kika ce kada in gaya wa kowa. Alkawarin shekara talatin, na yarinya mai ƙaya a ƙafa, shi na fake da shi.

Kin san dalili? Tun ina gidanku ake ce mini in yi koyi da Yaya. A makaranta in na riƙe awartaki sai Baba ya ce, "A hankali, hannun yayarki sanyi gare shi." Wasiƙar nan da ya ba ni wuri a cikinta layi goma sha biyu ce, bakwai a kanki suke. Na ƙirga. Sau ɗaya a rayuwata aka zaɓe ni aka bar ki, ko da bisa kuskure ne, sai na ji ba zan iya mayarwa ba. To ga shi, ba ke kaɗai ke neman tsari safe da yamma ba.

Tambaya ɗaya, kuma kada ki yi fushi. In kunya kike ji ki sa hagu a bakin mutane, ƙaramin madubin nan da wane hannu kike riƙe shi? Shekara ashirin hagunki yana cikin bakin jama'a, Yaya, aikin banza kawai kika ba shi.

Ban san abin da zan yi ba. Mabuɗin yana nan, takardar ma tana nan a jaka.

Bahaguwa


Lahadi, da hantsi

Ƙanwata Bahaguwa,

Wa alaikumus salam. Ina fata kuna lafiya. A gaishe da masu giɓi biyu. Na yafe miki, na farkon da na biyun, ke ma ki yafe mini jerin aibobin da na aiko miki da sunan shawara. Duk gaskiya ne, amma ba don Allah na jera su ba.

Maganar madubi ta ba ni haushi kwana biyu, a na uku na yi dariya ni kaɗai a kicin.

Gaskiya ne, ni na ce wa Baba kujerar ba ta hannuna ba ce. Tsoro na ji kada in zauna ta gefen nan hannun ya tona ni. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ranar da Kaka ta ce a ƙyale ki, ina bakin murhu, na ji kamar in jefar da tukunyar. Ni aka yi wa dukan, ke aka yi wa sunan. Duk lokacin da na rubuta "Bahaguwa" a bayan ambulan sai na ɗan ji shi.

Ranar Laraba bayan karatun Islamiyya na tsaya na tambayi Malamarmu. Na yi ta kewaye-kewaye, ta ce, "Likita, faɗi abin da ya kawo ki." Na faɗa. Ta ce, "Ci da sha da miƙa wa mutum abu, yi da damanki. Amma wanda ya zo miki da ciwo ya buɗe baki ya amince miki, wane hannu ya cancanta, wanda ya fi iyawa ko ɗayan?" Na yi mata godiya na fito. Hanya duka ina tunanin mutanen da na yi wa aiki shekara ashirin. Ban cuci kowa ba, alhamdu lillahi, aikina yana da kyau. Amma akwai wanda ya fi shi, na ɓoye shi a aljihu saboda ludayin Kaka.

Jiya Asabar, bayan mara lafiya na ƙarshe ya fita, Baba yana shan shayi yana karkata kai gefe ɗaya kamar kaza. Na ce, "Baba, hau kujera."

Ya ce, "Wace kujera?"

Na ce, "Kujera nawa gare ka?"

Ya ce, "Ke, yaushe kika fara yi mini magana haka?"

Na ce, "Yau. Wata biyar kana tauna da gefe ɗaya, kana sa mana ido muna yi kamar ba mu gani ba."

Ya yi ta gunaguni, wai zamani ya lalace, amma ya hau. Ina jin ciwon ya ishe shi ne. Ya ce, "To ta ina za ki zauna? Bangon nan ba zai matsa miki ba." Na sa safar hannu, na jawo kujerarsa ta zama, na zauna inda yake zama. Na yi bisimilla a zuci.

Ƙanwata, tire ɗin yana nan daidai inda hannuna ya sauka. Ban miƙa ba, ban sunkuya ba. Na yi masa allura bai motsa ba. Na ɗauki injin goge haƙori da hagu, sai na ga idonsa ya bar fitila ya bi hannuna. Ya so ya yi magana, ga auduga cike da baki. Na ce, "Baba, a daina motsi," kamar yadda yake gaya wa tsofaffinsa. Minti arba'in na yi. Tsagar ba ta kai jijiya ba, na share na cike. Da na miƙe sai na tsaya ina jiran bayana ya yi abin da ya saba, bai yi ba.

Ya kurkure baki, ya bi wurin da harshe, ya karɓi madubi ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun haihuwa, Baba."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Da leɓensa da allura ta kashe, maganar tana fita a karkace, ya ce, "Shekara goma sha tara kina jera mini kati da wannan hannun? Na koyar da ke shekara biyar ina cewa hannunki sanyi gare shi, ashe ma ba shi ba ne?" Na sunkuyar da kai. Can ya ce, "Na riga na yi magana. Mabuɗi yana hannun ƙanwarki, kuma ba zan aika a karɓo ba. Ku kuka san yadda za ku yi."

To ga ni gare ki. Na saba in ce "duk yadda kika gani," mutane su ce Yaya ba ta da son kai. Yau ba zan faɗa ba, don ƙarya ce. Ina son wurin nan. Ina son sa da yoyonsa da injinsa da tsofaffinsa. Ina jin tsoron barin babban asibiti a shekaruna, baban yara ma ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata, kuma ban tabbata ba, amma ina so. Ban taɓa rubuta wannan kalmar a kan wani abu ba.

Na san naki bayan ma yana ciwo, na san agogon da ke kanki. Kyauta aka yi miki, halal ɗinki ce. Idan kika riƙe, zan zo in yi miki barka da bakina, in nuna miki inda ake bugun injin. Sai dai Asabar ba za ki gan ni ba, har sai zuciyata ta warke, kuma ban san yaushe ba.

Ina jiran amsarki. Ko ta daɗe, ba ni da bakin ƙorafi.

Yayarki


Alhamis

Yaya,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Sati uku na yi, rabin naki, kada ki ce ban yi miki ragi ba.

Ki buɗe ƙunshin a hankali, mabuɗin yana cikin audugar.

Kada ki gode mini, ban kai wurin ba tukuna. Kwana biyu ban yi wa kowa magana a gida ba. Maigida ya ce, "Ke da kika ce tsoro kike ji?" Na ce, "Tsoro daban, a ƙwace maka daban." Ya ce, "Wa ya ƙwace?" Na ce ya fita mini daga kicin.

Amma na zauna na tambayi kaina me ya sa takardar nan ta yi wata uku a jaka har ta yi laushi. Kullum ina wuce ofishin mai asibiti da ita, ban taɓa ƙwanƙwasawa ba. Ina jin zaɓen da aka yi mini nake so, fiye da ɗakin. Ɗakin naki ne tun kafin ki sani. Ni ko sunan tsohuwar nan ban sani ba, kuma ta yi gaskiya, ba su da wata.

Duk da haka ina jin haushi, in gaya miki. Minti arba'in a kan haƙori ɗaya, ba agogo! Kuma Baba bai taɓa duba aikina a madubi ya daɗe ba.

Akwai wani shago a titinmu da tela ya tashi daga ciki. Na leƙa ta taga sau uku. Ɗakin yana da faɗi, ƙasan ma ba a yi siminti mai kyau ba, mutum zai iya sa bututu ta gefen da ya ga dama. Ban ce komai ba tukuna. In na tashi neman shawara zan rubuto, amma wannan karon a bar macijin a waje.

Labulen ma ga shi, an riga an yanka a kan awonki. Ruwan lemo ne mai manyan furanni, na san ba zai yi miki ba ko kaɗan. Ki rataya shi haka nan, ki riƙa ganina kullum.

Bahaguwa ta biyu


Asabar

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar tafiyar kaza. Da hagu nake yi, karo na farko tun ina shekara shida, layi huɗun nan sun ci mini rabin awa.

Saƙo ya iso. Kin ce kada in gode, to ban gode ba. Na dai ambace ki a sujada.

Na miƙa takardar ajiye aikina ranar Litinin. Magini ya hau rufi. Baba ya zo yau wai ya taya ni jera katuna, ya sa uku a harafin da ba nasu ba.

Na rataya labulen. Tsohuwar nan ta tsaya ta dube shi ta ce, "Wa ya zaɓo wannan?" Na ce, "Ƙanwata." Ta ce, "Allah ya shirye ta." Na ce amin.

Ki aiko mini da awon shagon telan.

Na ajiye wasiƙarki kusa da wannan na gwada. Rubutunki ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, kuma ina jin haushi.

Yayarki,
Bahaguwa ta farko